Binciken salsala kafin zuwan intanet

Malam, ka tambayi yadda masu binciken salsala suke aiki kafin intanet. Ka tuno mini da wani dattijo Bature, maƙwabcina lokacin da nake karatu a Landan.

Duk mako sai ya tafi St Catherine's House, inda a wancan lokacin ake ajiye kundayen sunayen haihuwa, aure da mutuwa na Ingila tun daga 1837. Kundi ɗaya sai da hannu biyu ake ɗaga shi. Da fensir yake kwafa, da dare kuma ya zauna ya shigar da sunayen ɗaya bayan ɗaya cikin manhajar Personal Ancestral File, wadda cocin Mormon na Amurka ya fitar a 1984, ya adana a faifan fulofi, wato ƙaramin faifan ajiye bayanan kwamfuta na wancan zamani.

Abin da ya fi burge ni, ba ya yarda da ji-ta-ji-ta. Suna ba ya shiga kwamfutarsa sai ya ga takardar shaida. Shekara uku yana neman kakar kakarsa. Ranar da takardar aurenta ta iso, shi da kansa ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, hannunsa na rawa, ya ce in zo in gani.