Ku Tambaya Mu Amsa: Me Ya Sa Bagwai Da Shanono Ke Raba Ɗan Majalisa Ɗaya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Shanono ne, abin ya daɗe yana cin raina wallahi, ƙaramar hukumarmu mai zaman kanta ce da ciyaman ɗinta da kansiloli amma in an zo zaɓen majalisar jiha sai a haɗa mu da Bagwai a ce mutum ɗaya zai wakilce mu, alhali maƙwabtanmu na Gwarzo su kaɗai ne da nasu. Shin rainin wayo ne ko akwai doka? Kuma gaskiya ne wai dole a riƙa yin karɓa-karɓa?
Daga wani mai karatunmu, Shanono, jihar Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. To ba rainin wayo ba ne, lissafi ne ya ƙi fita. Kundin tsarin mulkin 1999 a sashe na 91 cewa ya yi kujerun majalisar jiha su zama ninki uku ko huɗu na kujerun da jihar take da su a majalisar wakilai ta tarayya, amma kar su gaza 24 kuma kar su wuce 40. Kano tana da kujeru 24 a Abuja, ka ga da ninki uku za a bi da 72 muke magana, sai dai an riga an kafa wannan iyaka ta 40. Ƙananan hukumomi kuwa 44 ne. Tuwo malmala 40, baƙi 44, ai dole wasu su ci kwano ɗaya. Shi ya sa aka haɗa ku da Bagwai, aka haɗa Kura da Garun Malam, Rimin Gado da Tofa, sai Tsanyawa da Kunchi wadda yanzu ake kira Ghari.

Legas ma 40 ɗin ce da ita, amma ƙananan hukumominta 20 ne, kowacce ta tashi da biyu. Nan ne abin ke ba mutane haushi in sun ji.

Kuma fa ba ku kaɗai ke ƙorafi ba, je ka Nassarawa ko Kumbotso ka ga yawan jama'a kamar ka jefa allura ba za ta faɗi ƙasa ba, su ma mutum ɗaya ne a zauren. Dokar ta ce INEC ta riƙa sake duba iyakokin mazaɓu bayan aƙalla shekara goma, amma taswirar da ake amfani da ita tun 1996 aka zana ta zamanin soja, har yau ba wanda ya so ya taɓa wannan gidan rina.

Karɓa-karɓa kuwa babu ita a doka ko kaɗan. Yarjejeniyar dattawa ce da 'yan jam'iyya, in sun ga dama su cika in sun ga dama su take ta ranar firamare, kotu ba za ta saurare ka a kanta ba. Kujerar ma jam'iyya take bi fiye da gari, duba dai yadda Kano ke juyawa: PDP a 1999, ANPP a 2003, PDP ta dawo 2011, APC a 2015, NNPP a 2023. Ku kanku a 2023 APC ce ta ci kujerarku, da Allah ya yi wa mai ita rasuwa a 2024 aka yi zaɓen cike gurbi a 2025 sai NNPP ta ɗauka.

In kuna son taku ku kaɗai, ko dai a gyara sashe na 91 ko a ƙwace ta wasu a ba ku, kuma ka san ba wanda zai yarda a taɓa tasa.