World of Warcraft: Classic ko na zamani, wanne ya dace da mai neman gasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Zariya. Na daɗe ina buga wasannin harbi a waya, yanzu kuma na samu kwamfuta mai ɗan ƙarfi ina so in shiga World of Warcraft. Abin da ke jan hankalina shi ne karawa da mutane 'yan'uwana, ba kashe dodanni ba. Sai na tarar wasan kashi biyu ne, ga Classic ga na zamani, kuma kowa na yabon nasa. Awa biyu zuwa uku nake samu da dare. Wanne zan kama idan gasa ta gaske nake so?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kama na zamani, wanda 'yan wasa ke kira Retail. Da awa biyu ko uku a dare, shi ne zai auna hannunka da kanka. Classic kuwa abin da ya fi aunawa shi ne yawan lokacin da ka zuba da irin jama'ar da ke bayanka. Ina son Classic ƙwarai, na yi shekaru a cikinsa, amma ba zan tura ka can da wannan buri naka ba. Bari in faɗa maka dalili, don idan abokanka suka ja ka da gardama ka san abin da za ka ce.

Kamfanin Blizzard ya fitar da wasan a Amurka a Nuwamban 2004, ya iso Turai a farkon 2005. Tun daga nan ake ƙara masa babi a kan babi, har ya zama wanda ya bar shi a 2006 ba zai gane shi ba yau. Wannan mai tafiya da zamani shi ne Retail. A Agustan 2019 kuma kamfanin ya dawo da tsohon yadda yake kafin babi na farko, ya sa masa suna Classic: mataki na 60 ne ƙarshe, ajin jarumai tara ne kacal, kuma babu Arena sam, domin Arena sai a 2007 ta zo tare da babin The Burning Crusade. Riƙe wannan da kyau, domin Arena ita ce fagen damben wasan nan. A nan ake shiga biyu da biyu ko uku da uku, a rufe ƙofa, a ba kowa maki gwargwadon wanda ya kayar da wanda ya kayar da shi.

To me ke akwai a tsohon Classic? Filayen yaƙi uku. Warsong Gulch, goma da goma, ana satar tuta. Arathi Basin, sha biyar da sha biyar, ana riƙe sansani. Sai Alterac Valley mai arba'in da arba'in. Kana samun makin daraja a kan kowane abokin gaba da ka kashe da kowane yaƙin da kuka ci, da shi kake hawa muƙamai daga na 1 zuwa na 14. 'Yan wasa ɓangare biyu ne masu gaba da juna, Alliance da Horde. Muƙamin ƙarshen shi ne Grand Marshal a ɓangaren Alliance, High Warlord a ɓangaren Horde, kuma mai shi ne ke sayen makaman da kowa ke ƙyashi.

A nan gizo ke saƙar. Tsarin asali ba ya tambayar wa ka fi ƙarfi. Tambayarsa ita ce, a makon nan wa ya fi tara maki a cikin 'yan ɓangarenku na saba ɗaya, wato kwamfutar kamfanin da ke ɗauke da duniyar da kuke wasa a ciki. Ke nan abokin takararka na gaskiya shi ne wanda kuke sanye da riga iri ɗaya. Kujerun sama 'yan kaɗan ne, kuma idan ka huta mako guda muƙaminka ya zame. Na ga wannan da idona a 2020. A sabar da nake, masu neman muƙamin sama sun kafa kwamiti nasu, da jadawali, suna yanke wa kowa iyakar makin da zai tara a mako da kuma wanda layi ya zo kansa. Wani abokin wasana ya yi wata uku yana zama sama da awa goma sha biyu a rana a Warsong Gulch, yana cin abinci a gaban allo, ƙungiyarsu tana murƙushe tarkacen mutanen da ba su san juna ba cikin minti bakwai, su fito su sake shiga. Ya kai na 14. Amma da muka fita bayan gari muka gwada ɗaya da ɗaya, yaran da ba su wuce muƙami na 8 ba suna kayar da shi. Abin da muƙamin ya shaida haƙurinsa ne da biyayyarsa ga jadawali. A 2023 kamfanin ya sassauta tsarin, ya cire zamewar muƙami da takara da 'yan gida, ya sa iyakar maki ta mako. Wahalar ta ragu sosai, amma har yanzu tarawa ake yi, ba a auna ƙwarewa.

Akwai kuma maganar daidaito. Classic an daskarar da shi a kan gyaran ƙarshe na zamaninsa, mai lamba 1.12, da alherinsa da aibinsa. Ƙabilar Orc tana da ƙarin kashi 25 cikin 100 na tsallake sumarwa haka kawai don haihuwa. Ƙabilar Undead tana da dabarar karya tsoro da barci. Wanda ya koyi sana'ar injiniya yana jifa da gurneti, wanda ke da zinare yana shan maganin da ke hana a ɗaure shi. Mayaƙin da ya samo takobi daga farmakin da mutum arba'in ke kai wa manyan dodanni zai iya raba ka biyu da sara biyu kafin ka taɓa maɓalli. Wannan yana da daɗinsa, ba na musu, musamman faɗan kan hanya da ba a shirya ba. Amma dambe ne da ba a duba nauyi, ba a duba abin da aka naɗe a hannu.

Yanzu leƙa Arena ta zamani ka ga bambanci. A ce uku da uku ne, da jarumai masu ajin ɓarawo, boka da limamin warkarwa, haɗin da aka sani tun 2007. Ba wanda ke mutuwa da ƙarfin sara kawai, sai an shirya masa tarko. Ɓarawo ya sumar da wanda ake nufi, a daidai wannan daƙiƙar boka ya mayar da mai warkar da su tunkiya, limami ya tsorata na ukun ya watsa shi. An samu 'yan daƙiƙu da ba mai ceto, sai a zuba duk wuta. Kowane ɗan wasa yana da laya ɗaya mai kwance ɗauri, amma idan ya yi amfani da ita sai bayan kamar minti biyu take dawowa. Saboda haka zagayen farko manufarsa a tilasta maka ka ƙona layarka, na biyu a kashe ka. Kuma ba a ɗaure mutum da dabara iri ɗaya a jere yadda aka ga dama: na biyu rabin lokacin na farko yake yi, daga baya ya daina kama shi na ɗan lokaci. Dole ka riƙa ƙirga wannan a kanka, naka da na mutum biyar. Har da yaudara: boka ya fara karanta tsafi ya katse da kansa, don abokin gaba ya yi saurin harba dabarar katsewa a banza, sannan ya karanta na gaskiya. Wasan ya ja, ƙarfin warkarwa yana raguwa a hankali har sai wani ya faɗi. Wannan ita ce gasa, kuma a kanta ake yin Arena World Championship, gasar da kamfanin da kansa ke shiryawa da kuɗin kyauta, uku da uku, a wasan zamani.

Makin nan kuma yana da ma'ana. Matakansa sanannu ne: 1400, 1800, 2100, kuma shekaru da dama 2400 ce ƙofar manya, inda mai neman laƙabin Gladiator zai ci wasa 50 a can sama kafin a ba shi. Kayan yaƙin fage da kuɗin fage ake sayensu, ƙarfinsu kuma yana ɗagawa da zarar ka shiga karawa, don haka ba sai ka bi ƙungiyar farmakin dodanni ba kafin ka tsaya da ƙafarka. Cikin 'yan makonni za ka kamo mutane a kaya, abin da ya rage hannu ne.

Abin da ya fi dacewa da kai ma shi ne Solo Shuffle, wanda ya fara bayar da maki a ƙarshen 2022 tare da babin Dragonflight. Kai kaɗai za ka shiga layi. A haɗa mutum shida, masu warkarwa biyu da masu kai hari huɗu, a yi zagaye shida ana cakuɗa ku, wanda kuka yi tare yanzu shi ne abokin gabarka anjima. Ba sai ka roƙi kowa ya ɗauke ka ba, kuma sabon shiga ya san zafin wannan roƙon. A 2024, da babin The War Within, aka fara bayar da maki a Battleground Blitz, takwas da takwas, shi ma kai kaɗai kake shiga. Idan satar tuta ta fi burge ka, ga ta nan da maki.

Abokanka za su ce ai Classic ma akwai mai Arena. Gaskiya ne. Kamfanin ya riƙa maimaita tsofaffin babuka ɗaya bayan ɗaya: Burning Crusade a 2021, Wrath of the Lich King a 2022, Cataclysm a 2024, Mists of Pandaria a 2025, duk da Arena da maki. Wasu gwanaye ma sun fi son faɗan waɗannan zamunna saboda maɓallan ba su yi yawa ba kuma kana ganin abin da ke faruwa. Matsalata da su a wurinka biyu ce. An riga an warware su shekaru goma sha da suka wuce, kowa ya san haɗin da ke ci, kuma mutanen da za ka tarar sun buga shi tun suna samari. Sannan a wasunsu makamin da ake samowa a farmakin dodanni yana shigowa fage, kamar takubban Warglaives a Burning Crusade da gatarin Shadowmourne a Wrath, abin da mai awa biyu ba zai taɓa riƙewa ba. Shi kuwa Hardcore na 2023, inda mutuwa ɗaya ke shafe jaruminka har abada, kallonsa akwai daɗi, amma a wurin da ake ɗauke wuta babu sallama ban ba ka shawararsa ba.

Na zamanin ma yana da nasa. Ajin jarumai goma sha uku ne, kowanne da rassansa, kuma sai ka san manyan dabarun kowa kafin ka daina mutuwa ba ka san me ya kashe ka ba. Watanni biyun farko za ka sha kashi. Ana yawan yi masa gyara, ajin da ke sarauta a wannan zango zai iya zama abin tausayi a na gaba, don haka kar ka zaɓi jarumi don an ce shi ke ci yanzu. Layin jiran Solo Shuffle ga mai kai hari yakan kai minti ashirin ko fiye, mai warkarwa kuwa kusan nan take ake kiransa. Da awa biyu a hannu, wannan lissafi ne babba. In zuciyarka za ta iya ɗaukar zargin mutane, koyi warkarwa, za ka buga ninkin wasannin da mai takobi zai buga. Ta fuskar kuɗi, biyan wata ɗaya ne ke buɗe duka biyun, sai dai na zamani sai ka sayi sabon babin daban, kuma ka tanadi fili sama da gigabait 100. Saukewar farko ita ce mai cin data, wasan kansa ba ya ci sosai.

Saura maganar layin intanet, wadda a wurinmu ta fi zaɓin aji muhimmanci. Babu sabar wasan nan a Afirka. Buɗe asusunka a yankin Turai, kar ka yi kuskuren zaɓar Amurka, domin jarumi ba ya ƙaura daga yanki zuwa yanki. Agogonmu ma ya dace da nasu: da hunturu lokacinmu ɗaya da Faransa da Jamus, da bazararsu sun riga mu da awa guda, ke nan daren da kake da shi shi ne lokacin da fage ke cike. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka fi sakewa da Faransanci akwai sabobin Faransanci a yankin. A gogewata, jinkirin da ya tsaya cik a 130 ko 150 ana rayuwa da shi, domin wasan yana karɓar dabara ta gaba tun kafin ta yanzu ta ƙare. Wanda ke kisa shi ne mai tsalle, yanzu 120 anjima 600. Jinkiri ya fi cutar mai faɗan kusa, don kana ganin mutum a gabanka alhali saba ta ce ya riga ya wuce. Maharbi mai dabbobi ya fi haƙuri da layinmu, tunda yana harbi yana tafiya ba ya tsayawa karatu. Ka kuma haɗa kwamfutar da na'urar intanet ɗinka a kan batir ko inbata, domin ficewa a tsakiyar Solo Shuffle ana cire maka maki a kuma hana ka shiga na ɗan lokaci, ba ruwan saba da dalilinka.

Kafin ka biya ko sisi, wasan zamani kyauta ne har mataki na 20. Sauke shi, ka shiga dare uku a jere a daidai lokacin da za ka riƙa bugawa. Ɗora linzami a kan maɓallin menu da ke ƙasan allo, za ka ga lambobin jinkiri biyu, Home da World. Ta biyun ce ta faɗa. Rubuta ta kowane rabin awa, ka aiko mini da abin da ka gani, sai mu zaɓa maka jarumi a kan haka.