Gwaggo, allura ta ba ni kunya, ashana kuma tsoronta nake ji

Assalamu alaikum Gwaggo, tare da fatan kina lafiya, ke da iyali. Ni mace ce mai shekara 30, ina zaune a wani ƙauye da ke tsakanin Gujungu da Jahun a Jihar Jigawa. Ƙanwata ce ta zo hutu daga makaranta, ina faɗa tana rubuta miki a wayarta, domin karatuna na boko bai yi nisa ba.

An yi mini aure ina da shekara 16. Haihuwata shida, biyar suna raye, ɗaya ya koma. Tun daga ɗan fari ban taɓa yaye yaro babu ciki a jikina ba, har matan gidanmu suka laƙaba mini mai kunika. Bayan haihuwa ta biyar na je asibitin da ke kusa da mu aka yi mini allurar tazarar haihuwa ta wata uku. Sau biyu na karɓa, amma jini ya riƙa ɗiga mini kaɗan-kaɗan babu tsari, har na rasa ranar da zan yi salla da ranar da zan bari. Lokacin allura ta uku ya faɗo a tsakiyar damina, ruwa ya cinye hanyarmu, masu babur suka ninka kuɗi, maigida kuma yana gona tun asuba. Sai bayan wata biyu na samu zuwa, aka gwada fitsarina aka ce ciki ne.

Wannan ciki ya wahalar da ni ƙwarai. Ƙafafuna sun kumbura, kaina ya riƙa sarawa, ranar naƙuda kuma jijjiga ta kama ni, sai a mota aka kwashe ni zuwa babban asibiti. Bayan na sauka na zubar da jini har aka ƙara mini leda biyu. Likita ya kira maigida ya ce masa lallai in huta, shi ma ya tsorata ya amince, da sharaɗin kada a yi abin da zai tsayar da haihuwa gaba ɗaya.

Yanzu jaririyar tana da wata biyar, tana shan nono, ina kuma ba ta ruwa da koko. Al'adata ba ta dawo ba. Uwar mijina ta ce muddin ina shayarwa ban ga jini ba, ciki ba zai shiga ba, don haka in bar zancen asibiti. Ta ce ashanar tazarar haihuwa da ake sa wa a hannu tana tafiya cikin jiki har ta kai zuciya. Wata maƙwabciyata ta ce robar mahaifa ta taɓa ɓacewa a cikin wata mata, ita kuma ƙwayoyin hana ɗaukar ciki take aika yaro ya sayo mata a kemis. Sana'ata matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ce, da hannuna nake ci, shi ya sa nake tsoron ashana ta kashe mini shi. Gwaggo, wacce zan ɗauka? Kuma shin babu laifi a addini?

'Yarki daga Jigawa

Wa alaikumus salam 'yata, sannu da arziƙi, Allah ya raya abin da aka samu, ya jiƙan wanda ya rigaye mu.

Zan fara da maganar surukarki, domin ita ce ta fi gaggawa. Abin da ta faɗa yana da tushe, sai dai ta riƙe rabinsa ne. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki idan abu uku sun haɗu a lokaci guda: jariri bai cika wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ke kin riga kin fara ba ta koko da ruwa, wata shidan ma saura ƙiris, saboda haka wannan kariya ta bar hannunki. Kada rashin ganin jini ya ruɗe ki, domin ƙwai yakan fito kafin jinin farko ya bayyana, kuma ta wannan ƙofa kunika ke shigowa mace tana zaune tana jiran al'adar da ba za ta zo ba. Tarihin jikinki ya riga ya ba da shaida sau biyar. Ki shirya zuwa asibiti cikin wannan mako, kada ki jira a gama aikin gona.

Game da addini, ki kwantar da hankalinki. Ya zo a Bukhari da Muslim daga Jabir ɗan Abdullahi cewa sahabbai suna yin azlu, wato zubar da maniyyi a waje, alhali Alƙur'ani yana sauka, kuma aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika ta. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa ya halatta ma'aurata su ba da tazara na ɗan lokaci bisa shawara da yardar juna, abin da ta hana shi ne yanke haihuwa gaba ɗaya in babu larura. Sharaɗin maigidanki ke nan daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya ma wata 24 ta ba da shawarar a jira bayan haihuwa kafin a sake ɗaukar ciki, kuma macen da ta haihu shida, ta yi jijjiga, aka ƙara mata jini, ta fi kowa buƙatar wannan hutu.

Kin ce allura ta ba ki kunya, ni kuwa a ganina hanyar ƙauyenku ce ta ba ki kunya. Allurar wata uku tana da rangwamen mako huɗu bayan ranar da aka rubuta a kati, ke kuma kin ƙara wata biyu, ƙarfin maganin ya riga ya ragu a jikinki. Wannan shi ne ma'aunin da nake so ki auna kowace hanya da shi: me za ta nema daga gare ki a watan Agusta, lokacin da ruwa ya raba ku da titi? Damina za ta dawo baɗi kamar yadda ta zo bara. Akwai wata allurar mai suna Sayana Press, mai ƙaramin tsini, wadda ake koya wa mace ta yi wa kanta a cinya ko a fatar ciki, a ba ta ta tafi da ita gida, kuma wannan ta warware matsalar hanya. Amma maganin da ke cikinta ɗaya ne da na waccan, don haka ɗigar jinin tana iya maimaituwa, ba a kuma son ta ga wadda jininta ya hau sosai, wato ya kai 160 bisa 100. Sannan bayan an daina allura haihuwa takan yi jinkirin dawowa, sau da yawa har wajen wata goma daga allurar ƙarshe, abin da kan tayar da hankalin miji da danginsa a ce an kashe mahaifa, alhali jinkiri ne kawai.

Ƙwayoyin maƙwabciyarki kuwa, don Allah ki bar mata kayanta. Yawancin waɗanda ake sayowa a kemis masu haɗin sinadari biyu ne, ba su dace da mai shayar da jaririn da bai kai wata shida ba domin suna iya rage nono, kuma haɗari ne ga mai hawan jini, ke kuwa ba ki san inda jininki ya tsaya ba tun da kika bar asibiti. Akwai na masu shayarwa, mai sinadari ɗaya, sai dai ana son a sha shi kullum a lokaci guda. Mace mai 'ya'ya biyar da kaskon suya a wuta, ban ga yadda za ta riƙe agogo haka ba. A cikin mata ɗari masu shan ƙwaya yadda mutane suka saba sha, da mantuwa da komai, wajen bakwai sukan yi ciki a shekara, ga masu azlu kuwa abin yakan kai ashirin.

Da ni ce ke, ashana zan fara tambaya. 'Yar roba ce mai laushi, tsawonta kamar tsinken ashana, ana kashe wurin da allura a tura ta ƙarƙashin fata a cikin damtse, aikin 'yan mintoci babu ɗinki. Mai sanda ɗaya, Implanon, tana aiki shekara uku, mai sanda biyu, Jadelle, shekara biyar, kuma a cikin mata ɗari masu ita ko ɗaya ba ta cika yin ciki a shekara ba. Ba ta taɓa nono, ana kuma sa wa mai hawan jini. Duk ranar da ku biyun kuka ga lokaci ya yi, a cire ta, haihuwa ta dawo nan da nan, ba sai shekarun sun cika ba. A hannun da ba ki fi aiki da shi ba ake sa ta, a saman tsoka, don haka babu ruwanta da ƙarfin damtsenki. Wurin zai yi tsami, wataƙila ya ɗan yi duhu na wasu kwanaki. Ki bar shi a bushe kwana biyu, ki ɗaga wa turmi da matsar tunkuza ƙafa na kwana kaɗan, daga nan ki koma sana'arki. Batun tafiya zuwa zuciya kuwa, ga abin da za ki nuna wa surukarki: idan kika ɗora yatsa a wurin za ki ji ta kwance ƙarƙashin fata, yau da gobe da baɗi. Gaskiya ne an taɓa samun wadda aka tura da zurfi fiye da ƙima ta gusa daga wurinta, amma abu ne mai wuyar faruwa, maganinsa kuma shi ne ma'aikaciyar da aka horar ta sa miki, ki kuma taɓa ki ji ta kafin ki tashi daga kan gadon. Ranar da kika laluba ba ki ji ta ba, ki koma a duba.

Ba zan ɓoye miki aibinta ba, domin shi ne ainihin abin da ya dame ki a baya. Ashana ma tana rikita al'ada, musamman a watannin farko. Wata ta riƙa ɗiga, wata ta jima ba ta gani ba, wata kuma ta daina gani sam. Wadda ta daina, ba taruwa jinin yake yi a ciki ba kamar yadda ake faɗa a gidan suna, bangon mahaifa ne bai yi kaurin da zai zubo ba. Idan ɗigar ta dame ki akwai maganin 'yan kwanaki da ake bayarwa a asibiti, kada ki yi zuciya ki ce a cire tun ba a gwada shi ba. Ta ɓangaren ibada kuma, ba kowane jini ne ke hana salla ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, mai al'ada sananniya tana ƙirga kwanakin da ta saba, ta ƙara uku in jinin ya zarce, matuƙar jimillar ba ta wuce kwana 15 ba, abin da ya biyo baya jinin ciwo ne, ta yi wanka ta ci gaba da salla da azumi, maigida ma ya halatta gare ta. Ki samu malamar Islamiyya ku zauna ta ƙirga miki da kwanakinki, domin wannan ruɗani kaɗai ya raba mata da yawa da hanyar da ta karɓe su.

Robar mahaifa mai jan ƙarfe ita ce zaɓi na biyu, kuma in aka auna aka ga jininki ya hau ƙwarai tana iya zama ta farko, tun da babu sinadarin da take saki cikin jini. Tana kai shekara goma, ana kuma cire ta duk lokacin da aka so. Abin da ya fi faruwa da ita shi ne ta zamo ta faɗo waje, shi ya sa ake barin ɗan zare a bakin mahaifa don a riƙa dubawa. Abin da ya sa na ajiye ta a baya shi ne takan ƙara yawan jinin al'ada da ciwon mara, ke kuwa wata biyar da suka wuce leda biyu aka ƙara miki. Idan an gwada an ga jininki ya cika, babu abin da zai hana.

Ranar da za ki je, ki roƙi maigida ya raka ki, ko da ranar kasuwar Gujungu ce ya haɗa tafiyar biyu. Namijin da ya ji bayani da kunnensa daga bakin malamar asibiti ya fi iya tare miki maganar gida, kuma shi ya dace ya fahimtar da mahaifiyarsa cikin ladabi, kada ke ki tsaya musu da ita. Ki ɗauki takardar sallamar da aka ba ki a babban asibiti. Ki faɗi batun jijjigar da ƙarin jinin tun kafin a tambaye ki, ki nemi a auna hawan jini, a gwada yawan jini, a kuma gwada fitsari a tabbatar babu ciki, tun da ba ki ga al'ada ba. In kina shan maganin tarin fuka, ko na farfaɗiya, ko na cuta mai karya garkuwar jiki, ki ambata, domin wasunsu suna rage ƙarfin ashana. In har aka ga hawan jini, a ɗora ki kan magani, ki kuma rage gishiri da kanwa. Tun 2011 gwamnatin tarayya ta mayar da kayan tazarar haihuwa kyauta a asibitocin gwamnati, amma ki riƙe ɗan kuɗin kati da na gwaji, kuma in aka ce kayan sun ƙare, ki tambayi ranar da za su zo ko asibitin da za a tura ki, kada ki dawo gida ki zauna.

Daga yau har zuwa ranar da za a sa miki, da kwana bakwai bayan an sa ashanar, sai ku yi amfani da kwaroron roba ko ku yi haƙuri da juna, domin sai bayan mako guda take kama aiki sosai. Ki sa ƙanwarki ta rubuta ranar da aka sa da shekarar da za a cire a wayarta, ke kuma ki adana katin a ƙasan akwatinki inda ruwan damina ba zai taɓa shi ba.

Gwaggonki