Kafin a buɗe farautar talotalo, sai ka san inda yake kwana

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce in Allah ya kawo ka karatu Amurka ba ka son barin farautar da ka gada, kuma ka ji ana harbin talotalon daji. Ana yi, amma ka cire farautar gayya da karnuka daga ranka. Nan jihar Mizuri farautar talotalo ta bazara makonni 3 ce kacal, daga Afirilu zuwa farkon Mayu, kuma mai gemu kaɗai ake harbi, wannan tuntun gashin da ke reto a ƙirjinsa.

Don haka aikin gaske tun Maris ake fara shi, ba bindiga, sai ƙafa da kunne. Talotalo a kan bishiya yake kwana. Nakan yi sallar asuba in hau tudu tun da duhu, in tsaya shiru. Da gari ya soma wayewa sai ka ji namijin ya saki kukansa daga can cikin kwari, wallahi har tsikar jikinka ta tashi. In ya ƙi, sai a kwaikwayi kukan mujiya ko na hankaka, ya amsa ya tona asirin kansa. Amma kada ka kuskura ka yi masa kukan mace kafin lokaci, wayo za ka koya masa.

In rana ta fito sai ka bi ƙasa da ido: sawu mai yatsu uku a bakin rafi, busasshen ganye da suka tona, ramin wankan ƙura kamar na kajin gida. Ko kashinsu magana yake yi. Na namiji dogo ne lanƙwashe kamar ƙugiya, na mace a nannaɗe. In ka ga layi biyu a gefen sawu, fukafukansa ne ya ja yana yi wa mata taƙama. Wurin nan ka riƙe shi.

Batun bindiga kuwa ka bi a hankali. Dokar tarayya ta hana mai bizar ɗalibi riƙe ta sai da lasisin farauta mai aiki, kuma akwai kwas na koyon farauta lafiya. Gonar wani ba a shiga sai da izini. Kada ka sa ja, fari ko shuɗi, launin kan namijin ke nan, wani maharbi zai iya ɗaukarka shi ne.

Ka cusa wando cikin safa saboda kaska, tana sa ciwo. In ka iso, Maris na farko tare za mu fita.