Ƙwan ƙoƙi-ƙoƙi ya ƙyanƙyashe: me za a saya, me za a bari?

Tambaya: Ina da kwanson ƙwan ƙoƙi-ƙoƙi manne a reshe, ina jiran ya ƙyanƙyashe. Akwatin gilashi zan saya, ko robar abinci mai murfi ta isa?

Amsa: Malam, ajiye kuɗin gilashin tukuna. Abin da ya fi gaggawa shi ne abincin da 'ya'yan za su ci, za mu zo kansa. Mazubi kuwa, roba mai garai-garai mai cin lita 3 zuwa 5 ta wadatar. Ka yanke tsakiyar murfin, ka rufe gurbin da yadi shara-shara mai ƙananan idanu, ka ɗaure da roba. Ragar ƙarfe ba ta dace ba, tana lalata 'yan ƙugiyoyin ƙafafunsu, idanunta kuma sukan yi faɗin da ƙananan ƙudaje za su zurare.

Yadda ka rataye kwanson shi ne babban lamari. Ka duba jikinsa, akwai wani layi a tsaye mai kama da ɗinki, ta nan suke fitowa. Ka maƙala kwanson can sama, layin yana kallon fili da ƙasa, ka bar sarari na aƙalla santimita 10 a ƙarƙashinsa. Dalili kuwa, 'ya'yan na fitowa ne kamar ƙananan tsutsotsi, su reto da siririn zare, a wannan reton ne suke tuɓe fatar farko su miƙe ƙafafu. Wanda ya faɗo ƙasa kafin ya gama yakan bushe a lanƙwashe. A ƙasan robar ka shimfiɗa tishu ninki biyu, ka zuba siraran tsinke ko ƙananan rassa da yawa. Kwanso ɗaya na manyan nau'o'i yakan fitar da 'ya'ya 100 zuwa 200, galibi cikin awa ɗaya ko biyu, kuma kowanne yana son wurin tsayuwarsa shi kaɗai.

Tambaya: Sun fito jiya, sun fi ɗari. Na saka musu gutsuren nama da 'ya'yan itace, ko kallo ba su yi ba. Me zan saya musu?

Amsa: Malama, kwashe naman nan yanzu kafin ya yi fumfuna. Ƙoƙi-ƙoƙi mafarauci ne da ido, abin da ba ya motsi ba abinci ba ne a wurinsa. Ƙin cin ranar farko ma ba ciwo ba ne, sukan yi kwana ɗaya zuwa biyu kafin su fara farauta. A wannan tsakanin ruwa kawai suke bukata.

Abincin da masu kiwo suka dogara da shi shi ne ɗan ƙudan nan da ke taruwa a kan ruɓaɓɓiyar ayaba. Masu sayar da kayan kiwon ƙwari suna da iri biyu da aka kiwata ba sa iya tashi. Ƙaramin, Drosophila melanogaster, tsawonsa kamar milimita 3, shi za ki saya yanzu. Babban, Drosophila hydei, ki bar shi sai sun yi saɓa ɗaya ko biyu. Akwai wani bambancin da ya shafi aljihu: ƙaramin yana kammala zagayensa daga ƙwai zuwa ƙuda cikin kwana 10 zuwa 14 a wuri mai ɗumi, babban kuwa sai ya kai mako uku ko fiye. Saboda haka muke gaya wa duk mai kwanso ya fara kiwon ƙuda mako biyu kafin ya sa ran ƙyanƙyasa, kuma kwalba biyu, don idan ɗaya ta lalace kada a wayi gari ba abinci. Yunwa ce ke kashe mafi yawan 'ya'yan da ake kawo mana kukansu, kuma kusan kullum daga wannan jinkirin take.

Idan ba a samu na saya ba, ana iya kama na gida. Ki dama ayaba nunanna da ɗan yis a gindin kwalba, ki cusa tishu a dunƙule don su samu wurin hawa, ki bar ta a buɗe kwana biyu, sannan ki rufe da yadi. Su waɗannan suna tashi, don haka kafin ki juye su ki sa kwalbar a firij na 'yan mintuna har su yi lis. Ƙananan ƙwarin da ke tsotsar ruwan sabon ganye ma suna ciyuwa, muddin ba a yi wa shukar feshin magani ba.

Ƙa'idar girma: kada abincin ya wuce sulusin tsawon mai cinsa. Ƙuda 2 zuwa 3 ga kowane ɗa, kullum ko bayan kwana ɗaya. Ki riƙa kallon cikinsa. Idan ya shafe kamar takarda, yunwa ce. Idan ya yi tim, a ɗaga ƙafa. Gyare kuwa, ko ƙarami ne, ba mu ba da shawararsa a wannan mataki, domin wanda ya kwana a ciki ba a cinye shi ba yana iya komawa ya ciji ɗan ƙoƙi-ƙoƙin.

Tambaya: Na sa musu ruwa a murfin kwalba, da safe na tarar da wasu a ciki sun mutu.

Amsa: Cire shi. Ɗan da bai kai santimita ɗaya ba, ɗigo guda mai kauri ma yana riƙe shi ya kasa fita. Sayi kwalbar feshi mai fitar da ruwa kamar hazo, sabuwa wadda ba a taɓa zuba sabulu ko magani a ciki ba. Fesa sau ɗaya ko biyu a bangon mazubin, gefe guda, ba a kansu ba, sau ɗaya a rana. Za ka ga sun sunkuya suna lasa. Raɓar ta bushe cikin awa ɗaya ko biyu. Idan ta kwana, iska ba ta shiga sosai, a ƙara faɗin gurbin da aka rufe da yadi.

Tambaya: Sun fara cin junansu. In raba su duka? Kofi ɗari ba ƙaramin aiki ba ne.

Amsa: Cin juna ɗabi'arsu ce, ƙoshi da yalwar wuri suna rage shi amma ba sa hana shi. Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce mutum ɗaya ba zai iya riƙe ɗari ba, kuma ko da kulawa ta kai kulawa, da yawa ba sa kai saɓar farko. Ka yanke tun yanzu nawa za ka iya ciyarwa kullum har watanni. Goma zuwa sha biyar adadi ne mai hankali ga mai farawa. Ka bar su tare cikin ƙoshi har saɓar farko, sannan ka zaɓi masu kuzari, kowa da kofinsa. Kada ka tsinke su da yatsa. Ka miƙa tsinke ko burushi mai laushi su hau da kansu.

Awon kofi: tsawo ninki uku na tsawon ɗan, faɗi ninki biyu. Babban mazubi ba gata ba ne ga ƙaramin ɗa, ƙudan zai ɓace masa ya kwana da yunwa.

Sauran fa? Idan a lambunka ka tsinci kwanson, ka mai da su can da sassafe ko da yamma, ka warwatsa su a kan shuke-shuke daban-daban nesa da layin tururuwa. Idan kuwa saya ka yi, kuma nau'in na wata ƙasa ne, kada ka sake shi. Baƙon nau'i yana iya danne na gida, wasu ƙasashe ma doka ta hana. A ba wasu masu kiwo.

Tambaya: Ɗaya ya daina ci kwana biyu, yana rataye a murfi kai ƙasa. Wani kuma ya fito da ƙafafu a karkace. Akwai maganin da zan saya?

Amsa: Na farkon lafiyarsa lau, saɓa zai yi. Ta farko takan zo wajen kwana 10 zuwa 14 bayan ƙyanƙyasa, kuma zai maimaita ta sau shida zuwa tara kafin ya yi fukafukai, gwargwadon nau'i da jinsi. Ki fitar da duk ƙudan da ke ciki, ki yi feshi kaɗan a bango, ki bar kofin inda yake. Kada a ɗaga, kada a girgiza. Fatar tana tsagewa ne a baya, nauyin jikinsa ya taimaka masa ya zaro kansa ƙasa, tsohuwar fatar kuma ita ce ke riƙe da shi a jikin yadin. Bayan ya fito jikinsa taushi ne, a ba shi awa 24 kafin abinci.

Na biyun saɓar ce ta ɓaci, kuma babu magani a kanti. Abu uku ke jawo haka: bushewar iska ta sa fata ta maƙale, santsin murfi ya sa ya zame, ko gajartar kofi ta sa ya taɓa ƙasa kafin ya gama zarowa. Idan ƙafar baya ce ɗaya, yakan rayu, saɓa ta gaba ko ta bayanta ta gyara ta, har wadda ta cire gaba ɗaya tana sake tsirowa a hankali. Idan hannayen kamun ne biyu suka lalace, sai dai a riƙa miƙa masa ƙudan da aka ɗan murƙushe a bakin tsinke, a kai har bakinsa.

Abin da ya cancanci kuɗinki a nan shi ne ƙaramin ma'aunin zafi da laima. Yawancin nau'o'in da ake kiwo suna jin daɗin digiri 24 zuwa 28, da laima kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari. Kada a ajiye kofi a taga inda rana ke bugawa, roba tana ɗaukar zafi cikin mintuna. Ɗakin da ake kunna maganin sauro ko ake feshin ƙwari kuma bai dace da su ba ko na dare ɗaya. Idan kiyashi na yawo a wurin, a ɗora kofunan a kan wani abu da ke zaune cikin faranti mai ruwa.