Shawarar Lauya: Muna son kafa ƙungiyar masu makon hutu na karɓa-karɓa

Tambaya: Barista, barka da aiki. Shekara 9 ke nan da na sayi mako guda na kowace shekara a wani gidan hutu na ƙasar waje, irin na karɓa-karɓa da ake ce wa taimshiya. Kuɗin kula da gida sai hawa yake yi kowace shekara, bana kuma aka ƙaro mana na gyaran rufi. Mu 14 ne a yankinmu muke da irin wannan mallaka, a gidaje daban-daban. Muna son kafa ƙungiya, wasunmu ma cewa suke mu daina biya baki ɗaya. Ina mafita?

Amsa: Malam, haɗa kan da kuke son yi daidai ne, kuma ina goyon bayansa. Sai dai kafin a zaɓi shugaba, kowa ya ɗauko takardar da ya sa wa hannu ranar saye, domin abin da kuka saya ba lallai ya zama iri ɗaya ba.

Wani an yi masa takardar mallaka ta wani kaso na ginin, an yi mata rajista a ƙasar da ginin yake. Irin wannan, ko bai sani ba, galibi ɗan ƙungiyar masu ginin ne tun ranar da ya saya: yana da ƙuri'a a babban taro, yana da damar neman kasafin kuɗi da rahoton mai binciken asusu. Wani kuwa izinin kwana kawai ya saya na wasu shekaru, ko kuma maki da yake musanyawa da ɗaki. Wannan haƙƙinsa bai wuce abin da yarjejeniya ta rubuta ba, wataƙila ma ba shi da ƙuri'a ko ɗaya. Dokar da za ta yi aiki kuma yawanci ta ƙasar da ginin yake ce, ko wadda yarjejeniya ta ambata, ba ta inda kuke zaune ba.

Ƙungiyar da za ku kafa ba ta cikin waɗannan yarjejeniyoyi, don haka ba ta da ikon ba kamfani umarni. Ƙarfinta a ƙuri'a yake. Masu mako sun warwatsu a duniya, kaɗan ne ke halartar taro, shi ya sa kamfanin da ya gina wurin, wanda sau da yawa yana riƙe da makonnin da bai sayar ba, yake cin karensa ba babbaka a zaɓen kwamiti. In kuka tara takardun wakilci, mutum ɗaya ya je ya kaɗa ƙuri'ar mutum ɗari, za a saurare ku. Saboda haka ku rarraba kanku gida-gida, kowane rukuni ya nemi sauran masu mako a gininsa. Kamfani zai ce ba ya bayar da sunaye, kuma yana iya yin gaskiya. A jihar Florida ta Amurka, alal misali, doka ta hana a ba ka jerin sunayen, amma ta tilasta wa masu gudanar da gida su aika saƙonka ga kowa idan ya shafi harkar ƙungiyar masu ginin, kamar neman wakilci, kai kuma ka biya kuɗin aikawa.

Batun daina biya kuwa, ina roƙonku ku bar shi. Bashin na kowa ne shi kaɗai, ƙungiya ba za ta zame masa garkuwa ba. Za a ɗora tara, a hana shi kwana, ƙuri'arsa ma tana iya faɗuwa a daidai lokacin da kuke buƙatarta, daga ƙarshe a ƙwace makon ko a turo masu karɓar bashi. Ku biya, ku haɗa da wasiƙar cewa kun biya ne ba tare da amincewa ba, ku nemi bayanin taron da ya yanke kuɗin rufin da yawan waɗanda suka halarta. Idan ba a cika adadin da tsarin mulkin gidan ya gindaya ba, kun sami abin kamawa.

Wanda gidansa ke Sifaniya ya duba shekarar saye. Dokar ƙasar mai lamba 42 ta 1998 ta ƙayyade shekara 50 a matsayin iyakar irin wannan yarjejeniya, kuma a 2015 kotun ƙolin can ta soke wata da aka yi ta har abada bayan dokar ta fara aiki. An maye gurbin dokar da wata a 2012, an kuma yi gyare-gyare daga baya, don haka a nemi lauyan can da wuri. Haka nan idan aka kira ɗayanku aka ce ya ƙara kuɗi a sauya masa mako zuwa maki, sabuwar yarjejeniya ce: a Tarayyar Turai yana da kwana 14 na janyewa, kuma haramun ne a karɓi ko sisinsa a cikin kwanakin, a Florida kuwa kwanakin janyewa 10 ne.

Tsarin ƙungiyar kansa ba wuya. Ku rubuta gajeren tsarin mulki, ku yi rajista a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba, asusu ya zama sai da sa hannun mutum biyu. Shigar da ƙara a madadin kowa na buƙatar izininsa a rubuce, kuma abin da za ku wallafa game da kamfani ya zama kuna da takardarsa a hannu, kada a juyo muku da ƙarar ɓata suna.

Sharaɗi ɗaya nake so ku rubuta da babban baƙi: ba a shiga sai da shaidar mallaka, kuma ba a ba kowa lambobin 'yan ƙungiya. Da zarar an ji labarinku, masu cewa suna da mai saye a hannu, ko za su fitar da ku daga yarjejeniya in kun biya kuɗi tukuna, za su yi muku caa. Na ga dattawan da aka cuta sau biyu ta wannan hanya, abin yana min ciwo. Mai son fita ya fara rubuta wa kamfanin kansa, ya tambaya ko suna karɓar mako a mayar musu, domin wasu suna karɓa idan babu bashi a kai.

A zamanku na farko, kowa ya zo da yarjejeniyarsa, da tsarin mulkin gidansa, da rasit na shekara 3 da suka wuce. Ku fitar da ranar babban taron kowane gida, da ranar rufe karɓar takardun wakilci, ku fara da wanda ya fi kusa.