Ina ƙwallon za ta sauka?

Tambaya: Malam, an ba mu wannan a darasin fiziks. An buga ƙwallo da gudun mita 20 a sakan ɗaya, a kusurwar digiri 30 daga ƙasa, aka ce mu nemo nisan da za ta faɗa. Ni mita 10 na samu, littafi kuwa ya ce 34.6. Ina kuskuren yake?

Amsa: Littafin ne ke da gaskiya. Ga dukkan alamu sin²θ ka yi amfani da shi, alhali sin 2θ ne a ƙa'idar: R = u² sin 2θ ÷ g, inda R shi ne nisan, u gudun farko, θ kusurwar, g kuma ƙarfin jan ƙasa, wanda ake ɗauka 10. Kusurwar ake fara ninkawa ta koma 60, sannan a nemo sin ɗinta, 0.866. Kai kuwa 0.5 ka ninka da kanta ka sami 0.25, shi ya kai ka ga mita 10.

Gara ka san inda ƙa'idar ta fito da ka haddace ta. Raba gudun gida biyu. Na tashi sama shi ne 20 sin 30, mita 10 a sakan. Na tafiya gaba shi ne 20 cos 30, mita 17.3 a sakan, kuma ba ya raguwa muddin ba a sa iska a lissafi ba. A kowane sakan, jan ƙasa yana rage mita 10 a sakan daga gudun tashi sama (ainihinsa 9.8 ne, amma jarrabawar WAEC takan ce a ɗauki 10). Ke nan sakan ɗaya ƙwallon ta kai ƙololuwa, sakan ɗaya ta dawo. Sakan 2 ke nan tana tafiya gaba: 17.3 sau 2 ya ba ka mita 34.6.

Gwada digiri 60, nan ɗin dai za ta sauka, sai dai ta fi daɗewa a sama. Duk kusurwa biyu da suka haɗu suka ba da 90 haka suke. Mafi nisa yana digiri 45, mita 40.

Ka kula: ƙa'idar nan sai in wurin tashi da wurin sauka tsayinsu ɗaya. In daga kan bene mai mita 20 aka wurga dutse gaba a miƙe, ba sama ko ƙasa ba, fara da lokacin faɗuwa, t = √(2h ÷ g), inda h shi ne tsayin benen, sakan 2, sannan ka ninka da gudun gaba.

In kuma amsa ta fito da alamar ragi, duba kalkuletarka, wataƙila tana kan radiyan (wani ma'aunin kusurwa na daban) maimakon digiri.